Igiyar Zauren Malam Kalilu

Ƙarfe bakwai da rabi na safe, an wayi gari ana yayyafi a Daura, gari ya yi luf, ƙasa sai ƙamshi take. A daidai wannan lokacin Malam Kalilu yake buɗe zaurensa. Ya share, ya kore ruwan da ya kwanta a bakin ƙofa, sannan ya ɗaga kai ya dubi sama. Ba don gona yake duba hadari ba, don ɗan faifan solar da ke kan rufin ne. In rana ta fito, tsofaffin kwamfutocinsa uku za su tashi. In ba ta fito ba, ba ya damuwa, igiya tana nan.

Igiyar shanya ce shuɗiya, irin wadda ke kowane gida. Kullum sai ya ɗaura ta daga ƙusar bangon hagu zuwa ta bangon dama kafin ya zauna. Da yake dogo ne, ƙusoshin a sama ya kafa su, daidai tsayin kansa. Shekara tara ke nan igiyar nan tana koya wa mutanen garinmu yadda ake rubuta wa kwamfuta umarni, abin da 'yan boko ke kira kodin, kuma ba a taɓa korar kowa daga zauren ba.

Na ga ya kamata a rubuta wani abu a kan wannan bawan Allah tun yana jin abin da ake faɗa, domin a daminar nan ya ajiye koyarwa, kuma kaɗan ya rage zauren ya rufe tare da shi.

Malam Kalilu ba farfesa ba ne. Shekara ashirin da ɗoriya ya yi yana buga tafireta a gindin bishiyar bedi, yana rubuta wa mutane takardun koke da na neman aiki. Da zamanin tafireta ya wuce sai ya koma kwamfuta. Yana da shekara hamsin da biyu wani mai hidimar ƙasa da zai bar gari ya bar masa littafin koyon yaren kwamfuta da ake kira Python. Ya zauna da littafin nan kamar mai tilawa, shafi bayan shafi, har ya gane. Da ya gane kuma sai ya kasa riƙe abin shi kaɗai.

Darasin da aka fi saninsa da shi shi ne na sitirin da tuful, abubuwa biyu da duk mai fara koyo yake cin karo da su tun makon farko. Sai ya ɗauko gutsattsarin kwali, kowanne da harafi ɗaya, ya maƙala su a igiya: Z, a, n, g, o.

Ya ce, "Wannan shi ne sitirin. Haruffa ne a jere, kowa da mazauninsa. Kwamfuta ba ta san Zango gari ba ne, ba ta taɓa cin kasuwarsa ba. Ita dai ta san su biyar ne a layi."

Sannan ya je ya tsaya a gaban harafin farko ta hagu. "Ga ni a kan Z. Taku nawa na yi?"

Mu ce, "Ba ka yi ko ɗaya ba, Malam."

"To shi ne sifiri. Kwamfuta taku take ƙirgawa, ba kawuna ba." Ya matsa gaba kaɗan. "Yanzu fa?"

"Ɗaya!"

Shi ke nan, abin da ke ruɗa mutane wata guda, cewa ƙirgen kwamfuta daga sifiri yake farawa, ya zauna mana a taku biyar.

In aka zo kan tuful, sai ya zaro farar leda daga aljihu, ya saka goro da dabino da alawa, ya ƙulle bakin tam. Ya ɗaga ya ce, "Kuna ganinsu. Kuna iya ƙirga su, kuna iya faɗin wanda ke farko. To wani ya zo ya canja min dabinon nan ba tare da ya yaga leda ba." Ba mai iyawa. Sai ya nuna wani ɗan kwando a gefe. "In abin da za ka riƙa ƙarawa kana ragewa ne, ga kwando, shi ne lis. In kuwa abin da ba ka son hannu ya taɓa ne, ko da naka hannun bisa kuskure, ƙulla shi." Idan an tashi, ledar ta sha yaga, goron kuma na Iya Haulatu ne, mai ƙosan da ke jikin katangar zauren.

Ita Iya Haulatu, da na tambaye ta abin da za ta ce a kan Malam, sai da ta kwashe ƙosan da ke cikin mai tukuna. Ta ce, "Ɗan nan, katangar nan ba ta ɓoye magana. Shekara tara ina jin komai. Ban taɓa jin ya ce wa ɗan wani daƙiƙi ba. Ni kaina na san Z sifiri ce, ban dai san amfaninta ba." Ita ce kuma ta ba ni labarin Khairunnisa, ɗalibarsa da yanzu take jami'a a Katsina. Lokacin da taifot ya kwantar da ita mako uku, Malam da hannu ya riƙa rubuta kowane darasi a takarda, har da zanen igiyar, ya ba Iya ta kai mata gida.

Amma labarin da ya fi nuna ko wane ne Malam Kalilu shi ne na Abdulbaƙi.

Abdulbaƙi tela ne a Zango, ɗan gajere, magidanci mai 'ya'ya huɗu. Ya sauke Alƙur'ani tun yana saurayi, boko kuwa a aji huɗu na firamare ya tsaya. Abin da ya kawo shi zauren shi ne wata damina da rufin shagonsa ya yi yoyo, littafin da yake rubuta awon mutane ya jiƙe, tawada ta cakuɗe. Ya ce yana so ya koyi yadda zai ajiye awo a inda ruwa ba ya kaiwa. Sau uku a mako yake hawo babur ya zo.

Komai yana ganewa, ban da abu ɗaya. In Malam ya ce, "Abdulbaƙi, wane harafi ne a mazaunin sifiri?" sai ya dubi igiya da natsuwa ya ce, "O." A sake bayani, a sake taku, ya ce ya gane. Jibi a maƙala haruffan Baure, a tambaye shi, ya ce, "E." Tun muna dannewa har dariya ta fara kuɓuce mana. Wani ya sa masa suna Na-baya. Shi ma yakan yi murmushi, amma rannan da aka tashi na ga ya daɗe yana goge kujerar babur ɗinsa alhali ba ƙura a kanta. Daga ranar bai sake zuwa ba.

Malam bai yi mana faɗa ba. Cewa kawai ya yi, "Mutum bai yin kuskure iri ɗaya sau goma sai da dalili. Ni ne ban gano dalilin ba." Ranar Asabar ya naɗe igiyarsa ya sa a aljihu, ya shiga motar Zango.

Ya tarar da Abdulbaƙi a kan keke yana ɗinki. Kunya ta kama telan, ya tashi yana ta gaisuwa yana neman inda zai sa Malam. Shi kuwa Malam idonsa na kan sabon littafin awon da ke buɗe a tebur. Da ajami aka rubuta shi, tsaf-tsaf, daga dama zuwa hagu.

Malam ya ce, "Malam Abdu, in ka buɗe littafi, ta ina idonka yake fara sauka?"

"Ta dama mana, Malam. Ai haka muka tashi."

"Ashe ni ne ban yi karatu ba."

Nan take ya ɗaura igiya daga ƙyauren shago zuwa taga, ya maƙala Zango. Ya ce, "Shekara talatin idonka yana shiga ta wannan ƙofar, na zo ina so ya sauya a mako uku. To bari ka ji abin da na bari sai gaba, ashe kai da shi ya kamata in fara maka. Kwamfuta ma tana da ƙofa ta dama. In ka ce mata mainos ɗaya, wato ɗaya ta baya, harafin ƙarshe za ta ba ka. Mene ne mainos ɗaya a nan?"

Abdulbaƙi ya dubi igiyar. "O."

"Mainos biyu?"

"G."

"Ka ga dai yau ba ka faɗi ba ko sau ɗaya."

Telan ya ce, "To Malam, me ya sa ta nan ba a farawa da sifiri?"

"An riga an ba Z. Mazauni ɗaya ba ya ɗaukar mutum biyu."

Abdulbaƙi ya ce min a ranar ji ya yi kamar an cire masa ƙaya a tafin ƙafa. Da ya san ƙofarsa ma ƙofa ce, sai ta hagun ta daina yi masa gardama. Ya dawo ranar Litinin, kuma Malam da kansa ya sa muka koyi ƙirgen dama a bakinsa.

Kai ne, Malam, ka shiga mota ka bi ɗalibi ɗaya har shagonsa, alhali ga wasu goma sha biyu a zaure. Kai ne ka ɗora laifin a kanka don kada wani ya tafi gida da shi. Mai igiya, da ba ka je Zango ranar nan ba, da yau gero ne a zaurenka.

Maganar gero kuwa ga yadda take. Tun bara yanar ido ta fara rufe wa Malam gani. Haruffan kwamfuta suka koma masa kamar tururuwa cikin hazo. Yakan matsa har hancinsa ya kusa taɓa gilashin, mu yi kamar ba mu gani ba. Likita ya ce a daina kallon kwamfuta, a shirya aikin ido bayan kaka. Babban ɗansa Yazid, manomi ne mai ƙoƙari, ya ce to tunda Baba zai huta, a kwashe kwamfutocin, ya samu inda zai zuba amfanin gona, don rumbunsa ya tsage. Ba mugunta ba ce, gaskiyarsa ce, kuma tausayin idon uban ma yana ciki.

Malam ya ce ya ji. Amma a ba shi zuwa ƙarshen wata. In an samu wanda zai tsaya a gaban igiya ya koyar da sababbin ɗalibai har su gane, zaure ya ci gaba. In ba a samu ba, ga makulli.

Matsalar ita ce, gwanayen duk sun tashi. Wasu na Kano, wasu na Abuja, Khairunnisa na Katsina. Mu da muka rage, kowa ya sunkuyar da kai. Malam ya ce, "Abdulbaƙi."

Telan ya ce, "Malam, ni? Na-baya?"

"Wanda bai taɓa ɓata a hanya ba, ba ya iya kwatance."

Ranar gwajin ita ma da yayyafi aka tashi, batir bai cika ba, kwamfuta ɗaya ce kawai ta tashi. Sababbin ɗalibai tara suka zauna a tabarma. Cikinsu akwai Kabo, dillalin awaki, mai baki kamar reza, wanda ya ce shi ya zo ne ya ga ko kwamfuta ta fi shi lissafi. Yazid ya jingina da ƙofa. Malam ya zauna a kujerarsa can gefe, carbi a hannu, ya ce shi yau kunne ne kawai.

Abdulbaƙi ya zo ɗaura igiya, ƙusa ta fi ƙarfinsa, sai da ya yi ɗage a kan yatsun ƙafa. Kowane kwali zai maƙala sai ya yi miƙa. Kabo ya ce, "Malam tela, a kawo maka turmi ka taka?" Aka yi dariya. Zufa ta keto masa duk da sanyin garin.

Ya fara bayani muryarsa na rawa. Bai yi nisa ba Kabo ya katse shi. "Ni dai taƙaita min. Wanne ne na farko a nan?"

Hannun Abdulbaƙi ya tashi da kansa, ya nuna o.

Mu tsofaffin ɗalibai muka daskare. Yazid ya dubi ƙasa. Na saci kallon Malam, na ga carbin ya tsaya a hannunsa. Abdulbaƙi ya bi hannunsa da kallo, ya ga inda yake nunawa. Ya daɗe a haka. Sannan, maimakon ya janye hannun, sai ya bar shi a wurin.

Ya ce, "Cikinku wa ya fara da allo kafin boko?"

Hannu tara suka tashi, har da na Kabo.

"To ashe duk 'yan gida ne. Kun ga inda hannuna ya tafi? Ni ban aike shi ba. Haka idonku ma zai riƙa yi muku, kada wanda ya ji kunya. Bari mu shiga ta ƙofarmu tukuna, sannan in zagaya da ku ta ƙofar kwamfuta. Wannan o ɗin, mainos ɗaya ake ce mata."

Daga nan muryar ta zauna. Ya bi da su ta dama har Z, sannan ya je ya tsaya a gabanta ya ce, "Taku nawa na yi?" Zauren ya amsa gaba ɗaya.

Da aka zo tuful bai zaro leda ba. Tef ɗin awo ya ciro daga wuyansa. Ya ce, "Yazid, ɗan matso." Yazid ya zo yana dariyar dole. Ya auna tsayi, ya auna kafaɗa, ya auna ciki, ya zauna ya buga lambobin uku a kwamfuta cikin baka biyu. "Wannan awon Yazid ne, na ƙulle shi. Na farko tsayi, na biyu kafaɗa, na uku ciki. In jerin nan ya rikice, ko wani ya taɓa lamba ɗaya, na yanka shaddar mutum a banza. Kabo, zo ka rage masa ciki."

Ya nuna masa abin da zai buga. Kabo ya buga da yatsa ɗaya. Kwamfuta ta watso jan rubutu, ta ƙi.

Kabo ya ja da baya. "Na lalata ta?"

"Ba ka lalata ba. Aikinta ta yi. Ce maka ta yi ƙulli ne, ba a canjawa."

"To in mutum ya yi tumbi fa? Ka ga wannan, kaka na zuwa, bana ba ƙaramin ci zai yi ba."

Har Iya Haulatu sai da muka jiyo dariyarta ta bayan katanga. Abdulbaƙi ya ce, "In ya yi tumbi, ba gyara tsohon awo ake ba. Sabon awo ake yi, a ƙulla sabon ƙulli. Haka ma sitirin, ba a cire masa harafi a sa wani, sai dai a jera sabo."

Sai a lokacin Malam ya yi gyaran murya. Ya ce a maƙala Baure. Ya ce, "Ni ba na ganin igiyar nan. Kabo, kai ne idona. Me ke mazaunin sifiri?"

"B, Malam."

"Mainos ɗaya?"

"E."

"Mazauni na biyu?"

Kabo ya buɗe baki zai ce a, sai ya tsaya. Muka ga ƙafarsa tana motsi a kan tabarma, yana taku a zaune. Ya ce, "U."

Malam bai tsaya a kansa ba. Sai da ya bi su tara ɗin nan ɗaya bayan ɗaya. Biyu sun yi tuntuɓe, Abdulbaƙi ya sake musu taku, suka gyara da kansu. Sannan Malam ya laluba aljihu ya ciro makulli, ya miƙa ta inda yake jin muryar telan.

Yazid ya ce, "To Baba, ni da gerona fa?" Amma yana faɗa yana murmushi, kuma shi ya karɓi makullin daga hannun uban ya danƙa wa Abdulbaƙi, don Malam ya ɗan kauce saiti. Ya ce rumbun dai ya ga alama sai ya yaɓe shi.

Malam Kalilu, mun gode. Mun gode da igiya, mun gode da goron da ba mu ci ba, mun gode da duk ranar da ka maimaita abu sau bakwai kamar yau ka fara faɗa. Ba a taɓa kiranka taro an ba ka lambar yabo ba, kuma na san ba ka jira ba. Allah Ya ba ka lafiya, Ya sa a yi aikin idon nan a sa'a, ka dawo ka ga yadda zaurenka ya cika.

Ku kuma 'yan'uwa, duk wanda Allah Ya sanar da shi wani abu, ko gyaran waya ne, ko ɗinki, ko karatu, kada ya ce sai ya samu babban ɗaki da janareta. Malam da igiyar shanya ya fara. Kuma in kana koyar da mutum ya kasa ganewa, kafin ka yanke masa hukunci, je ka ga ta ina yake buɗe littafinsa.

Ranar Litinin da ta biyo baya na yi sammako, na tarar da zaure a buɗe tun kafin lokaci, ta ƙofar cikin gida aka buɗe shi. Malam ne a tsaye jikin bango da 'yar guduma. Ya zare ƙusar hagu, yana laluben bangon da yatsa, ya sauko da ita kamar taƙi ɗaya, ya kafa. Ya bi bango a hankali zuwa ta dama, ya yi mata haka. Ya shafa su duka biyun ya ji sun yi daidai, ya sa gudumar a aljihu, ya koma cikin gida.

Can sai ga ƙarar babur. Abdulbaƙi ya shigo da sauri yana karkaɗe ruwa daga hularsa, yana cewa hanyar Zango ta yi taɓo. Ya zaro igiya ya ɗaura hagu, ya ɗaura dama, ƙafarsa a ƙasa daram. Bai ko dubi ƙusoshin ba. Ya juyo ya ce, "To, bismillah. Ina muka tsaya?"